Launin Hunturu

A Jalingo hunturu ba ya shigowa da sallama. Sai dai mutum ya kwanta da dare yana fifita, ya tashi da asuba ya tarar ruwan buta ya yi sanyi, leɓɓansa sun bushe, in ya leƙa waje kuma ya nemi duwatsun Kona ya rasa, kamar an naɗe su cikin dare an tafi da su. Mutanen Kano da Katsina kan yi mana dariya idan muka ce muna jin sanyi, su ce ai mu ba mu san ɗari ba. Waɗanda suka sauko daga Gembu kuwa, can bisa tsaunin Mambila, ko tanka mana ba su yi. Gaskiyarsu ne, domin sanyinmu na safe ne da na dare, kafin azahar rana ta karɓe garinta. Amma hazo kam muna samun rabonmu kamar kowa. Na yi shekara arba'in da 'yan kai ina shaƙarsa, ban taɓa tsayawa na dube shi ba, sai a hunturun da ya haɗa ƙarshen 2022 da farkon 2023, lokacin da yarinya 'yar shekara shida ta tilasta mini.

Abin ya samo asali ne daga dogon yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda aka fara a Fabrairu ba a janye ba sai Oktoba. Zaman gida ya ishe ni, sai na ɗauki fartanya na share ɗan filin da ke bayan gidanmu, kusa da rijiya, na shuka masara da kuɓewa da yakuwa. Da damina ta ɗauke, abin ya riga ya shiga raina, sai na ce bari in taɓa noman rani. Na yi fangali takwas, na zuba latas da karas da albasa da tumatir da alayyafo. A cikin wannan zaman ne kuma na koma wa wata tsohuwar ɗabi'a da na yi watsi da ita tun ina saurayi, wato zane. Tun ina firamare nake cika bayan littattafaina da dawaki da motoci, na kuwa sha bulala a kai. Rana ɗaya tak zane ya jawo mini yabo: bayan da aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola a watan Agusta na 1991, malaminmu ya sa na zana taswirar sabuwar jihar a allo, aka hana kowa gogewa har mako guda.

Wani abokina da ke aiki da wata ƙaramar maɗaba'a ya ga 'yan zane-zanen da na yi na lambun, sai ya kawo mini aiki. Littafin yara ne da Hausa, shafi ashirin da huɗu, hoto goma sha biyu. Labarin wani yaro ne da ke taya kakansa ban ruwa a lambu cikin sanyi, har ranar da ya bar ƙofa a buɗe akuya ta shiga. Aka ce in gama kafin ƙarshen Fabrairu. Ladan da aka yanka mini zai biya kuɗin makarantar 'ya'yana uku na zango guda, saboda haka ban tsaya jan rai ba. Abokan aikina suka sami abin tsokana, wani in ya gan ni sai ya ce, "Dakta, yau akuya muke zanawa ko kaza?" Ban damu ba. Ina ganin mutumin da ya shekara goma yana koyar da adabin yara ai ba za a gaya masa yadda ake yi wa yaro hoto ba.

Cikin mako biyu na gama hoto huɗu. Ran nan da yamma na baje su bisa tabarma, na kira yara su zo su gani, ina jiran yabo. Manyan biyu suka ce sun yi kyau, irin faɗar da yaro ke yi wa ubansa. Auta ta durƙusa ta daɗe tana dubawa, sa'an nan ta ɗago kai.

"Baba, wace ƙasa ce wannan?"

"Lambu ne mana, irin namu."

"Namu ba shi da wannan," in ji ta, ta ɗora yatsa bisa shingen. "Kuma ina sanyin? Yaron bai sa rigar sanyi ba. Ƙafarsa ma ba ta yi furu-furu ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko wani littafin Turanci cikin na gwanjon da nake saya musu, ta buɗe mini wani shafi da dusar ƙanƙara ta rufe rufin gidaje da rassan itatuwa. Ta ce, "Ka gani, su in sanyi ya zo ana gani."

Na sake duban hotunan nawa, sai kunya ta kama ni. Sama shuɗiya ce tas, da ɗan gajimare kamar sawun auduga a gefe. Itacen dunƙulalle ne kore shar, ba mangwaro ba, ba ɗorawa ba, ba kowane itace da na taɓa zama a inuwarsa ba. Shingen na fararen katakai ne masu tsini, alhali abin da ke kewaye da lambuna dangar kara ce da na ɗaure da hannuna. A hannun yaron kuma ga wata butar ban ruwa mai dogon baki, wadda ban taɓa riƙe irinta ba. Taku goma ne tsakanin teburin da na yi zanen da lambun, amma ko sau ɗaya ban ɗaga kai na leƙa taga ba. Hannuna ya zana abin da ya haddace ne daga littattafan da na karanta ina yaro.

Wannan abu ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, har ya sa na koma ina tunanin yadda hoto ya shigo cikin adabinmu. Tatsuniya ba ta da hoto. Kowane yaro da nasa Gizon a zuci, wani yana ganin gizo-gizo mai ƙafa takwas, wani yana ganin wani ɗan tsamurarren mutum mai tsamin baki, kuma babu wanda ya yi kuskure. Da boko ya zo, aka fara buga littattafai a Zariya, sai hoto ya biyo rubutu. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1930, ya san akun nan da ido kafin ya san shi da kunne. Daga ranar da aka zana wa yaro abu, an yanke masa hukunci a kan kamanninsa. Mu malamai mukan ɓata sa'o'i muna muhawara a kan kalma guda, ko ta dace da ɗan aji biyu ko ba ta dace ba, amma hoton da zai fara kallo tun kafin ya iya haɗa baƙi da wasali, sai mu bar wa duk wanda ya iya riƙe fensir. A darasin da nake bayarwa na tsawon zango, ban tuna na taɓa ware wa hoto awa guda cikakkiya ba. Ga shi kuwa 'yata ta riga ta ɗauka cewa sanyi na gaske, wanda ya isa a sa a littafi, na wasu mutane ne.

Sai na ajiye buroshi na ɗauki fensir da ɗan littafi na fita. Da sassafe nakan gangara bakin Mayo Gwoi, inda masu lambu ke haƙa 'yan ramuka cikin yashi idan ruwa ya ja baya, wasu su kafa inji su ja tiyo, wasu su ɗiba da bokiti. A can na saba da wani dattijo, ɗan asalin ƙasar Zazzau, wanda ya ce mini tun kafin ambaliyar 2005 da ta karya gadar Nukkai yake noma a wurin. Kwana uku yana kallona ina zaune bisa dutse ina 'yan rubuce-rubuce, ya zaci ma'aikacin haraji ne. Da na nuna masa abin da nake yi, sai ya yi dariya ya dubi kabejin da na zana, ya ce, "Malam, wanne ka zana? Ai ganye biyu ne, akwai na kafin ban ruwa, akwai na bayan ban ruwa." Ya kamfaci ruwa da gwangwani ya watsa wa guda. Kafin ruwan ya taɓa shi, ganyen toka-toka ne, kamar an barbaɗa masa gari. Da ruwan ya bi ta kansa sai kore ya fito layi-layi yana ƙyalli, wuraren da bai taɓa ba suka zauna yadda suke. Na ce, "Baba, ka ba ni karatu." Ya ce, "Kai dai matsa kada ka taka mini albasa."

Daga nan idona ya fara buɗewa. Na lura ashe hazo ba ruwan ƙasa ba ne kamar yadda na ɗauka, ya fi kusa da fari, fari mai ɗan dauɗa, kamar tsohon alawayyo. Da na bincika sai na tarar akwai dalili. Kaso mai yawa na ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, ana kiransa Bodele. Gindin wani ƙaton tafki ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, ya bar farin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya iya gani. Iskar arewa maso gabas kan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta yi ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi, wani ya sauka a kanmu, wani ya ƙetare tekun Atlantika. Wato abin da ke busar mana da maƙogwaro, asalinsa ruwa ne.

Na lura da wasu abubuwan kuma. Rana da hantsi takan zama kamar farin faranti, mutum ya dube ta ido da ido ba ya ƙifta. Inuwa takan yi laushi, ba ta da kaifin baki irin na bazara. Abin da ke kusa yana da launinsa, na taku hamsin ya koɗe, na can nesa ya narke ya bar alama kawai. Ga mangwaro ya yi huda, ga gurjiya ta zubar da ganye kaf ta fitar da jajayen furanni bisa rassa tsirara, ga shirwa na shawagi inda aka cinna wa daji wuta, ga balbela na bin shanun Fulani da suka gangaro neman ruwa. Duk waɗannan na san su, ta fuskar cewa in an tambaye ni zan ce i, haka ne. Amma da an ba ni takarda wata guda kafin nan an ce in zana hunturu, ko ɗaya ba zai zo mini ba.

Ba na so mai karatu ya ɗauka littattafan ƙetare nake zargi. Laifin nawa ne, da na kwashi kayan cikinsu na bar dabararsu. Beatrix Potter, Baturiyar Ingila da ta fitar da labarin zomon nan mai ɓarna a lambu a 1902, dabbobi da tsirrai na gaske take ajiyewa a gabanta tana zanawa, shi ya sa latas ɗinta latas ne. Wani Ba'amurke kuma, Ezra Jack Keats, ya yi littafi a 1962 a kan yaro baƙar fata da ya fita wasa ranar da dusar ƙanƙara ta rufe unguwarsu. Shi ma matsalarsa irin tawa ce, yadda za a zana duniyar da fari ya cinye. Sai ya sa wa yaron jar riga, jan ya riƙe idon mai kallo, farin ya fito. Na ari wannan dabara ban ji kunya ba. Auta tana da wata jar rigar sanyi da uwarta ta tsinto mata a gwanjo a babbar kasuwa, hannun ya yi mata tsawo sai an naɗe. Ita na sa wa yaron labarin, har da naɗin hannun.

Sanin abin da za a zana daban, samun ya zauna a takarda daban. Fentin ruwa da iskar hunturu ba su ga maciji. Kafin in ja buroshi daga wannan gefe zuwa wancan, farkon ya bushe ya bar tabo. Takarda in ta sha ruwa ta bushe sai ta kanannaɗe kamar kilishi. In na bar hoto a buɗe ya sha iska, ƙura ta sauka ta manne. Fatar yatsuna ta tsattsage saboda ban ruwan safe, har na taɓa ɗiga jini a kan akuyar da na kwana biyu ina yi. Dole na sauya tsari. Bayan sallar asuba ni da babban ɗana mu ja ruwa mu ba lambu, shi yana guga ni ina bokiti, yana ta gunaguni ƙasa-ƙasa. Daga nan in shafa man kaɗanya, in shige ɗaki in rufe taga, in ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashin tebur in rataye jiƙaƙƙen tawul, in yi ta aiki har lokacin fita ya yi. 'Yar tsakiyar ita ce mai tsaron ƙofa, ita ce kuma mai tsayawa da bokiti a ka in ina son ganin yadda kafaɗa ke karkata.

A cikin wannan hali na manta da wani lissafi, wanda uwargida ba ta manta ba. Lambun yana shan bokiti goma sha biyu da safe, goma sha biyu da yamma. Tun tsakiyar Janairu rijiya ta fara ja da baya, kafin Fabrairu ya kama guga na fitowa da laka. Sai muka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa, a daidai lokacin da canjin takardun naira ya jefa ƙasa cikin ƙarancin kuɗin hannu. Mutum na da kuɗi a banki, amma sai ya wuni a layi ya dawo da abin da bai taka kara ya karya ba, mai ruwa kuwa tsaba yake karɓa. Ga Auta ta kamu da tari, irin busasshen nan da ke tsananta da dare.

Wani dare, bayan ta samu yarinyar ta yi barci, uwargida ta shigo ɗakin da nake aiki ta zauna bakin gado. Na ɗauko hoton da na fi alfahari da shi, na tsakiyar littafi, inda yaro da kakansa ke tsaye cikin hazo rana na bisa kansu kamar faranti, na ce ta duba yadda na samo launin daga ƙarshe. Ta duba, ta ce ya yi kyau. Sa'an nan ta ce, "Malam, kai kana neman launinsa, ni kuwa yau sau uku ina kwashe shi da tsumma. Shi ne kuma a ƙirjin 'yarka. Jarka biyu ta rage a gidan nan, kuma na ga kana kallonsu."

Ban sami abin cewa ba, domin kuwa ina kallonsu. Na so in kawo zancen kuɗin makaranta, sai na tuna ita ta fi ni sanin adadinsu. Ta ce albasa da tumatir suna shiga tukunya, a bar su. Sauran kuwa, in ji ta, ado ne. Washegari na tumɓuke karas tun bai gama ƙosawa ba, na yanke alayyafo kaf aka yi miya, na bar fangali huɗu suka bushe. Latas guda na roƙa aka bar mini, saboda akwai sauran hoto biyu da yake ciki, bisa sharaɗin ba zai sha komai ba sai ruwan alwala da na wankin shinkafa. Aka kafa roba a bakin ƙofa, kowa ya yi alwala a ciki. Ya rayu kuwa.

Maganarta ta nuna mini wani gurbi da Auta ma ba ta gani ba. A hoto goma da na gama babu mace ko ɗaya. Marubucin bai ambaci mace ba, ni ma ban tambayi wanda ke dafa wa yaron kunu da safe, da wanda ya naɗe masa hannun riga ba. Na yi ta yawo bakin kogi ina neman hunturu, alhali rabinsa yana cikin gida, a hannun mai shara da mai shafa wa yara mai da mai tashi tsakar dare. A hoto na goma sha ɗaya sai na buɗe ƙofar gidan da ke bayan lambun, na sa mace tana kakkaɓe tabarma, ta rufe hanci da gefen mayafi. Da na nuna mata, ta ce ita dai ba ta kai wannan ƙiba ba.

Na aika da hotunan ana saura kwana uku zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu. Bayan mako biyu editan ya kira ni. Ya ce, "Dakta, aiki ya yi kyau, amma kamar an bar su a rana sun koɗe." Ya ce iyaye da masu makarantu launi mai haske suke saye, in an jera littattafai a tebur wanda ya fi ƙyalli yaro ke miƙa wa hannu. Ya ƙara da wata hujja da ba ni da amsarta. Injin buga littafi da ɗige-ɗigen tawada huɗu yake haɗa kowane launi, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kuma launi mai rauni irin nawa, a kan takarda mai araha, ko dai ya ɓace ko ya fito kamar datti. Na yi masa dogon bayani a kan yaro da muhallinsa, irin wanda nake yi wa ɗalibai. Ya saurara da ladabi, ya ce duk ya yarda, amma shi ne zai biya kuɗin takarda.

Muka yi ciniki kamar a kasuwar Iware. Hoto tara na ƙara musu haske, na zuba wa sama ɗan shuɗi, na wanke ganyayen. Uku na kafe a kansu, ciki har da na tsakiya, ya haƙura. Har yanzu in na buɗe taran nan nakan ji wani abu ya tokare ni, domin na san safiyar da na zana ba haka take ba. Amma dangar karan tana nan a dukkansu, da gwangwanin ban ruwa, da faso a dugadugan kakan, da matar nan mai tabarma. An kuma biya kuɗin makaranta. Latas ɗin nan guda, da zafin Maris ya shigo, ya yi tsiri ya fitar da fure ya yi ɗaci, na bar shi ya yi iri na ƙulle a takarda.

Littafin bai iso ba sai cikin Yuli, damina ta zauna, duwatsun Kona sun dawo wurinsu kore shar, rijiya ta cika har ana ɗiba da hannu. Na buɗe ƙunshin a tsakar gida na miƙa wa Auta guda. Ta zauna bakin tabarma tana buɗewa, ta ga rigarta ta yi ihu ta kira 'yan uwanta. Da ta zo shafin tsakiya sai ta yi shiru. Ta ɗaga littafin daidai bakinta ta hura, ta sa gefen hijabinta ta goge shafin, ta duba hijabin. Uwarta ta kira ta daga madafa ta zo ta ɗauki kwano, ta kife littafin a buɗe ta ruga.